Takaba Babu Shaida

Da sassafe na dama kunun tsamiya. Mai gidana ya sha a tsaye, ya ɗauki sandarsa. Ban taɓa faɗin sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Baban Hajo nake ce masa, saboda ɗiyarmu da ke goye a lokacin. Kwanakin nan mazan garinmu sun tare hanyar madatsar Bakolori, don an karɓe gonakinmu an baje da katafila. Ya ce in ajiye masa tuwo.

Da hantsi ina daka na ji motoci. Ba ƙarar da muka saba ba ce. Sai harbi. Da farko ɗai-ɗai, daga baya ya haɗe kamar masara a kasko. Wani ya ratsa lungu yana ihu: "Ku fita! Ku yi daji!"

Na leƙa ta danga. Maza na gudowa cikin gari, masu kaki na biye da su. Wuta ta kama rumbun maƙwabcinmu Malam Sani, shi yana tsaye da bokiti. Na hango Baban Hajo a bakin rijiya. Ya juyo wajen gida. Harsashi ya same shi a wuya. Ya durƙusa, ya kife. Takalminsa ɗaya ya fita. Masu kaki biyu suka ja shi ta ƙafa, suka jefa shi cikin tifa a kan wasu. Da idona na gani.

Na sa zane na ƙara ɗaure Hajo, na bi fadama. Azahar ta same mu kwance cikin ramin magudanar ruwa, mata zalla, muna toshe bakin jarirai da nono. Hayaƙin garinmu na bisa kanmu, da warin gero mai ƙuna. Bayan la'asar harbi ya ragu. Muka tashi. Ƙafata ta fashe kafin mu isa Bakura, gidan kawuna.

Da ƙura ta lafa, kawu ya kai ni Talata Mafara. A wani ofis, malami ya buɗe fayil ya bi da yatsa. Ya ce waɗanda suka mutu an rubuta su, nawa ba ya ciki. Na ce na gani. Ya ce ba ganina aka rubuta ba. Aka ce in kawo maza biyu su yi shaida. Wa zai zo? Duk wanda ya ce ya gani ya amsa yana wurin, wanda ke wurin kuwa ɗan tarzoma ne, sai ankwa. Da na je wa Malam Sani, ya dubi ƙasa ya ce, "Yi haƙuri, Uwar Hajo, ina da iyali." Ban ga laifinsa ba, amma wallahi har yau ina jin zafin maganar.

Sai aka fara cewa ƙila cin rani ya tafi. Cin rani! Mutumin da ya ce in ajiye masa tuwo. Wanda ya faɗa don tsoro ya faɗa, yara suka ji suka ɗauka. Ni na shiga takaba da kaina. Babu gawa, babu kabari, babu sadakar uku. Na cika wata huɗu da kwana goma a ɗakin matar kawu, ba wanda ya zo gaisuwa.

Hajo ta girma ta isa aure. Ranar ɗaurin, kawu ya shigo daga masallaci ya zauna bakin ƙofa, ya cire hula. Na tambaye shi lafiya. Ya ce sabon liman, wanda ba a gabansa aka yi ba, ya roƙi Allah ya dawo da uban yarinya gida lafiya duk inda yake. Sahu cike da mutanen garinmu. Malam Sani na ciki. Kowa ya shafa.

Na shiga ɗaki na ja labule. Na ɗaga hannu na roƙa masa sauƙin kabari, ni kaɗai.