Iska Na Nema, Suka Kawo Mini Garwashi

Assalamu alaikum. Tun farkon damina ban ce uffan a shafin nan ba. Masu yaɗa cewa na haukace, da masu cewa an ɗaure ni a gidan mari, ku gyara zama. Ni ne da kaina nake rubutu.

Wanda bai san ni ba, sana'ata tace azurfa, a ƙauyenmu da ke gefen Makoda. Ba gado na yi ba, kuma ba wanda ya koya mini. Daga sakandare na tsaya, sauran duk da waya da kaina na haƙo shi. Ina sayen tsofaffin zobba da awarwaro, in narka su, in naɗe curin a ƙyalle in rataya shi cikin ruwan magani a kwanon silba, in haɗa wayoyi da batirin sola. Wuta ta yi ta jan azurfa zalla tana taruwa a jikin kwanon kamar gishiri, dattin ya zauna a ƙyalle. Maƙeran zobe har daga Kano suke zuwa nemana.

Ruwan maganin da asid ake haɗa shi. In azurfa ta shiga asid, wani jan hayaƙi yake tashi.

Ran nan da hantsi na haɗa shi a ɗaki, ƙofa da taga a rufe. Kar wanda ya tambaye ni dalili. Kun san kanku, masu leƙe ta katanga, masu cewa ina buga kuɗi, masu ƙin ba ni hannu a masallaci don ruwan ya baƙanta mini yatsu.

Na ɗan yi tari ya wuce. Na ci abinci, na yi Azahar a jam'i. Sai wajen La'asar na ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji. In na ja numfashi sai ya tsaya a wuya. Wani kumfa ya fara fito mini ta baki.

Matata Rabi ta aika aka kira yayana, Yaya Sani. Ya shigo da mutane, ɗaki ya cika. Ya dafa ni ya ce, "Habu, me ke damunka?"

Kalma ɗaya na iya fitarwa. Na ce, "Iska."

Ya juya ya dubi jama'a ya ce, "To, kun ji da bakinsa. Da ma na faɗa, mai kulle kansa da jan hayaƙi ba shi kaɗai yake ɗakin ba."

Ni iskar shaƙa nake roƙo, su kuma iskokai suka ji.

Aka saki labule, aka kawo garwashi a kasko, aka zuba turare, aka lulluɓe ni da bargo ni da hayaƙin. Ina fizge-fizge suna danne ni, wani yana cewa, "Ku riƙe shi, ba shi ba ne, su ne." Ina jin muryar kowa, kuma na gane mai ita. A ƙarƙashin bargon nan na yi shahada a zuci, don na sallama.

Rabi ce ta yaye bargon. Macen da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Yaya Sani ba, ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, asibiti za ni da shi. In ya mutu a hanya ku ce ni ce." Ashe ta riga ta kira ƙanenta mai bas.

A asibitin ƙaramar hukuma suka duba leɓena da ya yi shuɗi, suka ce mu wuce Kano.

A can aka sa mini oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini. Likita ya tambayi Rabi abin da na shaƙa, ta faɗa masa asid ne. Ya sunsuni rigata ya ce, "Wannan ƙamshin fa?" Da ta ba shi labari sai ya ce, "Huhunsa ya cika da ruwa. Kuka ƙara masa hayaƙi a kai. Ku yi ta addu'a."

Kwanakin farko a zaune nake barci. Allura safe da yamma, wani ɗan abu maƙale a yatsa yana auna iskar jinina, idona kullum a kansa. Mutumin gadon kusa da ni aka ja masa mayafi ina kallo. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Oksijin ba kyauta ba ne. Babur ɗina ya tafi, tumakin Rabi suka bi shi, azurfar da na tace ma aka sayar da ita a wulaƙance. Cikin masu danne ni ba wanda ya kawo ko lemo.

Da aka sallamo ni Yaya Sani ya zo sannu. Ya ce, "Ka ga amfanin turaren nan, shi ya fara karya su." Na ce, "Yaya, Allah ya saka." Ban ƙarasa masa ba, ya zaɓi wanda ya dace da shi.

Alhamdu lillahi, yau ina tafiya masallaci da ƙafata. Kunya biyu in na yi a gona sai na zauna, likita ya ce a hankali. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas ɗin da ban ma san sunayensu ba, da surukina mai bas da ya ƙi karɓar kuɗin mai. Rabi kuwa, bakina ya yi kaɗan.

Masu turo mini saƙo in koya muku aikin nan, ku ji. Ba a haɗa asid a ɗaki, kuma takunkumin ƙyalle ba ya tare hayaƙin nan. In ka shaƙa, ko kana jin garau, tafi asibiti a take, don sai ya yi lamo yake kamu. Manja da madara ba sa zuwa huhu.

Ban raina addu'a ba, ita ta tashe ni. Amma mai neman numfashi a yi masa ita a mota, ana tafiya.

Na riga na gaya wa Rabi a gaban shaidu: in na sake faɗuwa, ita ke da magana a kaina. Sauran ku tsaya a zaure.