Wayar Shanya Ta Ci Hannuna

Assalamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki.

Kun sha tambayata abin da ya sa a kowane hoto hannuna na dama yana cikin mayafi. Wasu har zolayata suke yi, wai zinare nake ɓoyewa. Tun ina matashiya ban ba kowa labarin nan ba sai 'ya'yana. Yau zan faɗa, don jiya na ga maƙwabcina a kan tsani yana ja wa garejinsa wuta da kansa, gabana ya yanke ya faɗi.

A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗi ya shigo hannun mutane. Ina amarya a Daura, sana'ata kitso. Ba yabon kai ba, har daga Baure mata suke zuwa in yi musu.

Maigidana, Allah Ya ji ƙansa, fataucin shanu yake yi. Ya sayi mota akori-kura, ya gina mata gareji a jikin zaure. Da lantarki ya iso unguwarmu, ya ce sa ƙwan lantarki ɗaya tal a garejin ai ba sai an kira mai gyaran wuta ba. Ya jawo waya daga zaure. A garejin akwai wayar ƙarfe da muke shanya a kai idan ana ruwa, sai ya nannaɗe wayar wutar a jikinta don kada ta yi lilo. Inda ta gaza ya yi ƙari, ya ɗaure mahaɗin da tsumma. Ƙwai ya kama, muka yi ta murna.

Da damina, wata safiya ana yayyafi, na ɗauki wankina na shiga garejin. Ƙafata babu takalmi, siminti a jiƙe. Ƙwan a kashe yake, ban kawo komai a raina ba.

Ina ɗora zane, wuta ta kama ni.

Hannuna ya damƙe wayar ya ƙi saki. Ina so in yi ihu, bakina ya ƙi buɗuwa. Surukata, Inna, ita ta ji faɗuwar bokiti, ta zo da taɓarya ta make wayar. Da a ce da hannu ta kama ni, da gawa biyu aka ɗauka.

Da na farfaɗo, ciwon ɗan ƙarami ne, wani farin layi a tafin hannu da yatsu. Aka ba ni nono na sha, aka shafa mini ɗanyen ƙwai. Inna ta ce, "Ke da Allah Ya kuɓutar, wannan ɗan tabon ne zai kai mu asibiti?"

Muka zauna.

Hannu ya kumbura ya yi suntum. Yatsu suka daina jin taɓi, suka fara baƙi. Fitsarina ya koma kamar ruwan zoɓo. Sai da ciwon ya soma wari aka sa ni a mota.

A asibiti likita ya duba. Sannan ya ce, "Malama, ƙunar lantarki daga ciki take ci. Abin da kike gani a waje kaɗan ne." Aka ɗebi jini, aka gwada fitsari, aka sa mini ƙarin ruwa saboda ƙoda. Daga nan aka tura mu Kano.

Wankin ciwo kullum da safe. Ba na yi wa ko maƙiyina fatansa. Da na ji ƙarar keken nas, sai in runtse ido. Ana kankare mataccen nama, ni kuwa ina cizon gefen zane. Wata nas takan ce, "Yi kukanki, 'yar uwa, nan ba a jin kunya."

Kowa na yi mini addu'ar rai, ni hannuna nake roƙo. Duk wanda ya shigo da farar riga sai na tambaye shi, zan sake yin kitso? Kowa sai ya wuce gado na gaba.

Shanun maigida suka yi ta tafiya a magani da zirga-zirga, ƙarshe motar ma ta bi su. Ranar da aka kira shi ya yarda a yi tiyata, ya zo bakin gadona ya durƙusa. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

"Ni na jawo miki," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, tashi, mutane na kallo."

Aka cire yatsu uku. Biyun da suka rage sun ƙandare, ba sa lanƙwasuwa. Na koyi cin tuwo da cokali, na koyi ɗaura zane, na koyi jure idon mutane a gidan biki. Watanni na yi ina kuka a ɓoye.

Duk da haka na gode wa Allah da Ya bar ni da rai. Allah Ya saka wa likitocin nan da nas-nas, Ya kai haske kabarin Inna da na Alhaji, wanda ya yi ta hidimata har ya koma ga Mahaliccinsa.

Don Allah ku ji shawarata. Ku kira wanda ya san aikin. Kafin a taɓa waya a kashe wuta daga mita, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Namu a kashe yake. Kada wayar wuta ta haɗu da ƙarfe, kada a ɗaure mahaɗi da tsumma ko leda. Gareji wurin danshi ne, a bi da waya ta cikin bututunta, a sa takalmi. Wanda wuta ta riƙe, a raba shi da busasshen itace, kuma a kai shi asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ciwon.

Na warke, alhamdu lillahi. Amma 'ya'ya mata biyar na haifa, na aurar da su duka, ban taɓa yi wa ko ɗaya kitso ba.