Tsiron da Gwaggo Ta Gani a Wankan Takaba

Dangin ubana sun raba ni da uwata a kan ƙarya, kuma ban yafe ba. Na faɗa tun farko don kada wani ya kai ƙarshe ya ce in yi haƙuri. Har yau in na ji ƙamshin sabulun salo, sai in bar wurin.

Shekara biyu bayan Faransawa sun miƙa mulki Baba ya rasu, ana tsakar shuka, a ƙauyenmu na gefen Tibiri. Ina da shekara tara. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ɗakin ƙarami ne, jinkarsa na yoyo, ƙasa na warin danshi. Ba ta fita sai bayan gida, ba ta ɗaga murya, ba ta haɗa ido da namiji. Tabarma ɗaya muke kwana ni da ita. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya wuce kan mutum, ita dai sai ta ji labarinsa a bakina.

A gidanmu mai takaba ba ta wankan Juma'a ita kaɗai. Yayar miji ce ke cuɗa ta. Gwaggo ke nan, mace mai ƙaramin jiki da babbar murya. Wata Juma'a a wata na uku, na ji ta ajiye ƙwarya da ƙarfi. Ta fito hannunta da kumfa, ta wuce ɗakin Kaka, uwar ubana, ba ta ko ɗauraye ba.

Abin da ta gani ƴan tsiro ne guda uku a matsematsin Inna, laushi gare su, kowane bai kai ƙwayar dawa ba. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Gwaggo ta ce ciwon maza ne. Ta ce ɗan'uwanta ya mutu jikinsa lafiya lau, to daga ina? Wani ke tsallake darni yana shigowa.

Ku duba yadda aka ɗaure ta. Da za ta je dispanser, ƙaramin asibitin Dogon Dutsi, da an duba ta, amma mai takaba ba ta tafiya. Da za ta yi rantsuwa gaban Baffa, ƙanen ubana, mai takaba ba ta magana da maza. Wadda kaɗai ke da ikon ganin jikinta ita ce mai ƙararta. Inna ta ce tun tana da cikina abin ya fito, Baba ya sani. Baba kuwa yana ƙasa.

Sai aka juyo kaina. Aka ɗauke ni daga ɗakin, aka kai ni na Kaka. Kullum da hantsi Gwaggo ta zaunar da ni gindin turmi.

"Ɗiyar ga, wa ka shigowa?"

"Ba kowa."

"Kin cika barci, ko kin cika ƙarya?"

Kwana shida ina cewa ba kowa. Ina hango ƙofar Inna, ba ni da ikon taka ta. Ran na bakwai Gwaggo ta ce in na faɗi gaskiya zan koma. Na gaji, ina son tabarmarmu. Na ce, "Ban sani ba." Shi ke nan abin da na faɗa. Kafin azahar gida ya ɗauka cewa ko ɗiyarta ta kasa rantsewa.

Ban koma ɗakin ba. Da takaba ta cika, ana yankan gero, aka ɗaure wa Inna kayanta a zane ɗaya, aka mayar da ita gidan wanta a Gesheme. Ni aka ce jinin gidan ce, ba za a bar ni hannun irinta ba. Ba ta sake aure ba, don labarin ya riga ta isa. Da na girma nakan je ganinta, mu yi hirar komai ban da wannan. Ni kaina, in faɗa muku gaskiya, akwai ranakun da na yi shakkarta.

Na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci a Dogon Dutsi. A shekarar nan irin tsiron ya fito mini, biyu a hammata, ɗaya a inda na Inna yake. Mijina ya shekara uku da rasuwa, kuma na san kaina. Na je dispanser. Sajfam, wato ungozomar asibiti, ta duba ta yi murmushi.

"Baiwar Allah, tsiron fata ne. Akwai wanda ake ɗauka wurin namiji, amma wannan ba shi ba ne. Inda fata ke gugar fata yake fitowa, ciki ma yakan kawo shi. Yakan bi dangi. Uwarki ba ta da shi?"

Na ce tana da shi. Sai na ce ta rubuta mini, da Hausa, da manyan baƙi, ta buga hatimi.

Yanzu yarinya kan shiga dispanser ta fito da amsa kafin tuwo ya nuna. Uwata ta jira tata shekara talatin da wani abu. Ana ce mini zamani ne, ba su sani ba. To wanda bai sani ba, wa ya aike shi yanke hukunci?

Lokacin Gwaggo na da rai, ta makance amma kunnenta garau. Washegarin karɓar takardar na hau motar Gesheme na ɗauko Inna, na kai ta ƙofar da aka fitar da ita. Ta ja baya, na riƙe hannunta. Na sa aka kira matan gidan duka, aka fito da Gwaggo aka zaunar gindin turmi. Na buɗe takardar, na ɗora yatsa a kan baƙin farko, na fara karantawa da ƙarfi.