Ranar da Malam Ya Sa wa Injin Markaɗena Ƙwaƙwalwa

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da maigidana ya yi wa injin markaɗena ƙarin ilimi.

A farkon shekarun casa'in ne, muna zaune a Haɗejiya. Shi malamin kimiyya ne a wata sakandare, ni kuma ina da ɗan injin markaɗe mai shan fetur a zaure. Laifin injin guda ne: kwantak ɗinsa, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa su rufe su ba filogi wuta, yakan yi datti, sai an goge kafin ya tashi. Matan da ba su yi dace ba, bakanike ke goge musu. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da masani.

Wani abokin aikinsa, Kirista mutumin Filato, ya dawo daga hutu ya kawo masa wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu takwas, kamar kaska. Wai sunanta ayisi. Malam ya zaunar da ni ya yi mini darasi. Za a kafa sensa, wato 'yar na'urar da ke jin motsi, kusa da faifan ƙarfen da ke juyawa, sensa ta ji wucewarsa ta gaya wa ayisi, ayisi ta tace saƙon ta umarci kwayil, mai tura wa filogi wuta, ya sake ta a daidai lokacin.

"Kin ga babu abin da zai goge wani, balle ya lalace. Ko a Kano ba mai irinsa."

Mako uku ɗakinmu na ƙaurin dalma. Da ya gama haɗawa, ya zuba fasahar duka cikin robar sabulun wankana, ya rufe.

Kada in ɗora masa laifin shi kaɗai. Ni ce na bi gidajen unguwa ina shelar cewa injina ya kusa samun ƙwaƙwalwa. Har Hajiya maƙwabciyarmu, da za a yi sunan jikanta na fari, na ce kada ta kai markaɗenta ko'ina, ta kawo ta ga aikin boko.

Ranar sunan da sassafe Malam ya ɗaura abinsa, don a ganinsa bai kamata a gwada irin wannan ba 'yan kallo ba. Ya ciro tsohon kwantak ya miƙo mini. Ni kuma, don in nuna mun wuce wurin, na wurga shi kududdufin bayan gida.

Mata suka cika zaure da bokitan shinkafar waina da tattasai da attarugu, har da baƙin Hajiya daga Kafin Hausa. Malam ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya yi gyaran murya, ya naɗe igiya ya ja.

Injin ya yi tari. Malam ya sake ja. A karo na uku sai injin ya fizge igiyar har ta ji masa ciwo a hannu, ya juya baya, salansa, wato bututun hayaƙin, ta yi wata ƙara kamar bindigar maharba. Malam ya tafi da baya ya zauna daram cikin bahon jiƙaƙƙen tattasai. Mata suka watse suna salati, wata ta bar takalminta.

Da hayaƙi ya lafa, wata tsohuwa cikin baƙin ta leƙo ta dube shi.

"Sannu, Malam. Ƙwaƙwalwar ce ta yi tunani haka?"

Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Matar Malam, mutane na tafe, ga shinkafa a jiƙe. Mayar da tsohon abin mana."

Ban san da bakin da zan gaya mata yana cikin kududdufi tare da kwaɗi ba. Injin da ke kusa da mu kuma layi ya yi masa yawa. Haka muka jawo turame da dutsen niƙa. Ni matar masani na durƙusa ina niƙa attarugu da hannu har azahar, idanu na zuba, tafin hannu kamar na dafa garwashi. Wainar da za a ci da hantsi sai bayan la'asar ta fito, wasu baƙin sun riga sun hau mota. Hajiya ta yi wata guda tana amsa gaisuwata da ka.

Bayan kwana biyu abokin nan ya zo. Ya buɗe robar sabulu ya duba, ya bi wayoyin sensa da yatsa, ya ce, "Malam, ai juya su ka yi. Shi ya sa wutar ke zuwa ba a kan lokaci ba."

Ya musanya wayoyi biyu. Ja ɗaya injin ya tashi, lafiya lau, ya kuma yi mini shekaru bai sake gardama ba. Malam ya juyo yana murmushi, hannunsa ɗaure da tsumma.

"To, ba na gaya miki ba?"

Ya gaya mini kam. Abin da bai gaya mini ba, na koya da tafin hannuna: sabon abu a ɓoye ake gwada shi, ba ranar da mutane suka dogara da kai ba, kuma ba a zubar da tsoho sai an ga sabon ya yi aiki.