Darnin Gidan Ɗelu

A ƙauyenmu da ke kan hanyar Gabi, kowa ya san Ɗelu mai ƙuli-ƙuli, kuma kowa ya san bakinta. Ba ta taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko, sunanta ma ba ta iya rubutawa, amma in kana son ganin tashin hankali, ka hana 'yarta Samira zuwa aji.

Ajin su Samira rumfar kara ce. Kowace shekara bayan girbi, kowane gida yana kawo dami, maza su kafa rumfar, damina ta zo ta cinye ta. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi bai yi ba, karan ma ya zo gajere. Wanda ya samu ɗan kaɗan ya ɓoye wa dabbobinsa, maza kuma suka tafi cin rani Najeriya, har da Gambo mijin Ɗelu.

Sai Mushe Anas, malamin ajin, ya tara iyaye ya faɗa musu cewa manyansa na Madarunfa sun ce in wata ya ƙare babu aji, za a mai da shi wani gari. Samira kuwa shekararta ta ƙarshe ke nan kafin kwalej. Ɗelu ta bi gida-gida tana roƙon kara, ta dawo da "Allah ya sa alheri" cike da kunne, dami ko ɗaya babu.

Wata safiya muka ji ƙarar adda. Ɗelu ce ke sare igiyoyin darnin gidanta, wannan shingen kara da Gambo ya ɗaure da hannunsa kafin ya tafi, tana kai karan lakwal. Kafin hantsi, mai wucewa yana ganin turminta da tukunyarta da ƙofar ɗakinta. Ni kaina kunya ta kama ni, na sunkuyar da kai.

Malam Shu'aibu, yayan Gambo, wanda aka bar wa amanar gidan, ya iso ya tsaya a gabanta.

"Ɗelu, gidan ƙanena za ki buɗe ma duniya? Yanzu ni kira shi."

"Kira shi, Yaya," ta ce. "Ka ce mai ɗiyatai na zamne gida."

Ya kira. Gambo bai nemi a ba ta wayar ba, kuma daga ranar bai sake kiranta ba. Mata suka fara raɗe-raɗin cewa auren ya kusa mutuwa. Ta ji, kuma ta tsorata, don na ga yadda ta rame.

Dattawan unguwa suka kasa jure ganin gidan a buɗe. Karan da aka rantse babu shi sai ga shi yana fitowa, aka jibge mata a ƙofa don ta rufa asiri. Ɗelu ta yi godiya har ƙasa, ta ɗauko amalanken jaki, ta kwashe shi kaf zuwa lakwal. Aji ya tsaya, Mushe bai tafi ba, ita kuma ta kewaye makewayinta da tsofaffin zannuwa.

Da Gambo ya dawo, bai shiga gida ba. Ya tsaya ya dubi filin da darnin yake a da, ya juya ya nufi lakwal, Ɗelu na biye da shi daga nesa, mu ma muna biye. Ta tsakanin kara ya hango Samira a gaban allo da alli a hannu. Ya daɗe yana shafa igiyar da ke jikin rumfar, sannan ya waiwayo wajen Ɗelu.

"Wa ya ɗaure wanga gefen? Iska na zuwa shi faɗa ma yara. Miƙo mini addar."