Kwana Uku a Gindin Badam

Safiyar Litinin ta farko a watan Yuli, shekarar da na cika goma, Inna ta riƙe hannuna muka sauka daga taksi a ƙofar wata makaranta da ke unguwar London ta birnin Libreville. Sama ta yi toka-toka kamar yadda take yi a Libreville idan ruwa ya ɗauke, iska mai sanyi tana busowa daga teku. Tun daga waje na jiyo ganga da ihun yara. An buɗe wurin ne don yara su riƙa wuni a can mako biyu cur cikin babban hutu, wanda muke ce wa bakans. Ni kuwa hutun da na sani duk a gidanmu na Nombakélé yake ƙarewa, tsakanin shara da wanke-wanke a bakin famfo da tsintar shinkafa, sai ɗan wasan carafke idan Inna ta kishingiɗa.

Mai kula da mu wata doguwar mace ce mai yawan dariya, Tanti Odil. Ta ba kowane yaro marfin kwalbar lemo da sunansa a rubuce ciki, ta nuna mana gwangwanaye bakwai a jere kan benci. Kowane gwangwani da abin da yake nufi: wannan rawa, wancan ƙwallo, ga na zane, ga na ɗinki, har da na masu shuka tumatir a bayan azuzuwa. Kullum da safe sai ka jefa marfinka a inda ranka yake so, ka wuce. Yara suka yi caa a kan bencin, marafa suna ta ƙara a cikin gwangwani. Da layi ya zo kaina, Tanti ta sunkuyo ta tambaye ni da Faransanci wanne nake so. Na sunkuyar da kai na ce, "Duk wanda kika ga ya dace, Tanti."

Amsar da ake yabona a kanta ke nan a gida. An koya mana idan babba ya miƙo abu mu ce mun gode, mu noƙe, sai ya matsa sau biyu ko uku sannan mu karɓa da hannu biyu. Na tsaya ina jiran Tanti ta matsa. Sai kawai ta shafa kaina ta ce, "Nan ba na zaɓar wa kowa. Ga inuwa can, idan kin shirya ki zo." Ta juya ga na bayana.

Haka na yi kwana uku a gindin bishiyar badam, marfina a dunƙule cikin tafin hannu har ya yi mini shaida. Ba don ban san abin da nake so ba. Tun ranar farko idona yake kan gwangwani na bakwai, na wani tsohon kafinta, Papa Antuwan, wanda yake koya wa yara sassaƙa ƙananan kwale-kwale da guntayen katakon okume. Idan ya goge katakon, ɓawon yana nannaɗewa kamar gashin jariri, ƙamshi kuma ya taso har inda nake, kamar turaren wutan Inna. An ce ranar ƙarshe za a kai su bakin teku kowa ya saki nasa. Ina zaune ina tuƙa nawa a cikin raina, har na raɗa masa suna. Amma duk maza ne a wurin, kuma bakina ya kasa furta “ina so”. Ranar Laraba Papa Antuwan ya ɗaga murya ya ce katako biyu suka rage, kuma in gobe ta wuce ba zai ƙara ɗaukar kowa ba, don aikin ba zai gamu ba.

Rigata ce ta tona mini asiri. Da la'asar Inna ta ɗaga ta sama ta jujjuya, ta ce, "Rakiya, wane irin wasa ne wannan da ba ya ɓata riga? 'Ya'yan maƙwabta suna dawowa kamar an tono su daga rami, ke kina dawo mini kamar mai zuwa suna." Na fashe da kuka na faɗa mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ni har na girma ba wanda ya taɓa tambayata me nake so. Ke da aka tambaye ki, ai sai ki amsa." Washegari da safe ta tsaya a kaina, koko da ƙosai a hannun dama, burodi da shayi a hagu, ta rantse ba za ta ajiye ko ɗaya ba sai na faɗa da bakina. Na ce ƙosai, ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ban ji ba." Na ƙwala, "Ƙosai!" har kajin tsakar gida suka watse.

Ranar taksi ya yi ta tsayawa yana ɗaukar mutane, ni kuwa kamar in fita in tura shi. Da muka isa ban ko yi wa Inna sallama ba, na ruga, takalmina ɗaya ya fice ban waiwaya ba. Na kutsa tsakanin yara na saki marfina a gwangwani na bakwai. Tanti Odil ta tafa hannu ta yi guɗa irin tasu. Katako ɗaya ya rage, mai ɗan karkata, Papa Antuwan ya ɗora mini shi a hannu ya ce, "Madam kyaftin, bismilla." Da Inna ta ji abin da na zaɓa ta dafe ƙirji ta ce, "Kafinta? Ni da nake zaton ɗinki! To, ki dai dawo mini da yatsunki goma."

Kwanakin da suka biyo baya sun wuce kamar mafarki. Na ƙuje tafin hannu da takardar goge katako, garin okume ya cika mini kitso, na shafa shuɗin fenti a jirgin da kuma rabin fuskata. Ranar ƙarshe muka jeru a bakin teku ƙarƙashin itatuwan kwakwa, na shiga ruwa har gwiwa, karo na farko a rayuwata, duk da a gefensa aka haife ni. Jirgina ya kwanta gefe ɗaya, sai ya miƙe ya bi igiyar ruwa yana rangaji. Na yi ta ihu da Hausa, ba wanda ya fahimta, kowa yana taya ni.

Yanzu makarantar ta zama dogon bene, ƙannena kuma a kan waya suke cinye hutunsu. Ni ma kullum cikin zaɓi nake, da ɗan yatsa nake taɓa abu a waya ya zo, wani lokacin kafin yamma na manta me na zaɓa. Nakan tsaya a bakin teku idan na taso aiki, in ji ina kewar yarinyar da ƙirjinta ya kusa fashewa saboda abu ɗaya tak. A lokacin, so yana da nauyi.