Liman da jelin suna

Jama'a, yau Liman ya cinye mana rabin kayan suna!

Zainab 'yar yayana ce ta zo daga Gaya da wata koriyar kwalba, za ta yi jeli da ruwan cikinta, abin zaƙin nan mai daskarewa, a ƙananan kofuna saboda sunan gobe. Tana taɓa murfin sai fau! Ya daki rufin kwano, kumfa ta yi ta zuba.

Na ce, "Zainab, giya kika kawo min gida?"

Ta ce, "Haba Gwaggo, ruwan inabi ne mai gas."

Hankalina bai kwanta ba. Da jelin ya daskare a cikin ƙanƙara, na kwashi faranti da kwalbar da ledar garin jelin, sai zauren Liman. Na ce in haram ne yanzu zan zubar.

Ya sa tabarau ya duba, ya ce babu giya ko ɗigo, garin jelin ma na kifi ne, ba na alade ba. Ya ɗanɗana ɗaya. Ya ce, "Bari in ƙara tabbatarwa." Ya ƙara. Har ladan ya kira ya zo ya shaida!

Na dawo da rabin faranti, Zainab ta riƙe baki. Na ce, "Halal ne, 'yata. Ɗora wani."